An Aske Fuseini, An Kwashe Takalma

Jama'a, Juma'ar da ta wuce ba takalmi na dawo gida daga masallaci. Ni da furfurata, ina tsallake kwatocin unguwarmu Nima, ƙasa kuwa ta ɗau zafi kamar kaskon ƙosai. Uwargida ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Alaji, sadaka ka yi da su?" Na ce mata a'a, adalci ne ya ci su.

Ku tsaya ku ji yadda aka yi. Mun daɗe muna kuka da ɓarayin takalma a masallacin unguwarmu, sai Allah ya jefo mana Mai Girma Shugaban Kwamitin Tsaron Unguwa, Garkuwan Talakawa, Dodon Ɓarayi, Allah ya ƙara wa babbar rigarsa faɗi. Kwamiti ya yi ta zama, kowane zama da shinkafa da wake, da dafaffen ƙwai, da lemo mai sanyi. Mu marasa ilimi muka ce a kafa mana kanta a bakin ƙofa, a sa mutum ɗaya ya riƙa tsaro. Mai Girma ya ce wannan tunanin ƙananan mutane ne. Aka sayo lasifika, da riguna masu ƙyalli na samarin kwamiti, da aska. Doka ta fito: duk wanda aka kama, a aske masa rabin kai, a rataya masa takalmi a wuya, a zaga da shi har bakin titi.

Maƙwabcina Issaka mai shayi har da tafi. Ya ce, "Alaji, ai an yi musu sauƙi. Da ni ne, kunne zan cire."

Na ce, "To in aka kama wanda bai ɗauka ba fa?"

Ya ce, "Wanda bai ɗauka ba, me ya kai shi shinshinar takalman mutane?"

To ga abin da ke kai mutum. Duk ɗan Zango, wato mu mutanen unguwa, ya san dabarar nan: in takalminka sabo ne, ka ajiye ƙafa ɗaya a ƙofar gaba, ɗayar ka kai ta wata ƙofa, don ɓarawo ba ya wahalar da kansa kan wari guda. Mai Girma ne kaɗai bai sani ba, shi da direbansa ke rungume masa takalmi a mota har a sallame. Samarinsa sun sani sarai, amma tun da aka ba su rigunan ba su kama ko ɓera ba, kuma an fara maganar karɓe rigunan.

Sai ga Fuseini tela, bawan Allah da ko ƙyallen yadinka ya rage sai ya ninke ya mayar maka. Ya sayi sabon takalmi, ya raba ƙafafun, ya manta ƙofar da ya ajiye ta biyu. Ana sallamewa aka gan shi duƙe, ƙafa ɗaya a hammata, yana birkita na mutane. Caraf suka damƙe shi.

Ya ce, "Wallahi nawa nake nema!"

Mai Girma ya amsa ta lasifika, "Duk haka suke faɗa!"

Wayyo, sai masallaci ya fashe. Kowa ya fito a guje ba takalmi don kada a gama ba shi. Ni na bi ina ihu na san shi, na san shi, amma wa zai ji muryar tsoho kusa da sabuwar lasifika? Aka aske shi, aka rataya masa takalminsa, wayoyi suka tashi sama ana ɗauka. Shi ko kuka bai yi ba, ƙasa kawai yake kallo. Wallahi abin ya ci min rai.

Da muka dawo daga zagayen, ƙofar masallaci fes, kamar an share. Ɓarayin gaske sun zo sun yi lodi a natse, Allah ya sa ba su gaji ba. Na Issaka ma sun tafi. Abu ɗaya suka bari a bayan ƙofar alwala: ɗayar ƙafar Fuseini.

Dole mu yaba wa Mai Girma, don washegari ya sanar cewa doka ta yi aiki, an daina satar takalmi. Gaskiyarsa, tunda yanzu kowa da tsinkakken silifas ɗin bayi yake zuwa. Issaka kuma ya ce matsalar ita ce rabin kai kawai aka aske, shi ya sa ɓarayi ba su tsorata ba. Shayina na shanye na tashi.

An ba Fuseini haƙuri, kada ku ce ba a yi ba. Wani ɗan kwamiti ya leƙa shagonsa ya raɗa masa a kunne. Fuseini ya roƙi a fito da lasifikar nan a wanke shi a bakin titin da aka zaga da shi. Aka ce batirinta ya mutu, sai an jira kwamiti ya zauna.

Ga Sallah ta matso, lokacin da tela ba ya samun ɗaga kai. Jiya ina zaune a shagonsa Hajiya Mulikatu, wadda ya daɗe yana yi wa ɗinki, ta shigo tana sunkuyar da kai. Ta ce, "Fuseini, ni na san ba ka yi ba. Amma yadin na ƙanwata ne da ke Jamus, kuma ta ga bidiyon." Ya ɗauko mata, ya ninke, ya sa a leda, har da yi mata godiya. Nata ne na ƙarshe da ya rage a kan teburin.

Bayan ta fita ya ja hularsa ya ƙara rufe kunne, ya ce, "Alaji, kai da kake rubutu a jarida, don Allah ka rubuta cewa ban taɓa ɗaukar kayan kowa ba."

To ga shi na rubuta: Fuseini tela ba ɓarawo ba ne. Sai dai bidiyonsa ya kai Jamus, jaridarmu kuwa ko Kasuwar Makola da ke nan cikin gari ba kullum take kaiwa ba.