Kek a Yashin Suyar Gyaɗa

"Lafiya lau, Hajiya, mutanen Kazaure duk suna gaishe ki. Yanzu dai ina yashin?"

"Wane yashi? Ko gaisuwar ba ka ƙarasa ba. Miji ya yi wata da watanni bai leƙo matarsa ba, ya zo hannu rabbana, kuma abin da ya fara tambaya ƙasa."

"Hannu rabbana da wannan jibgegiyar jaka? Idon ne ya fara tafiya, amarya?"

"Idona ras. Shi ya sa na ga ka rame kamar kazar mayu."

Mai wannan baki ita ce Hajiya Batulu, surukata. Wanda ke tsugune a gabanta kuma Nafi'u ne, jikanta, ɗan yayar mijina, da ke karatu a Kazaure. Da hantsi ya sauka daga babur a ƙofar gidanmu na Gwiwa. Kaka ta yi, an kai gero rumbu, tsakar gida duk gyaɗa ce a shanye, ni kuma ina gefe ina tsinka. A gaban Hajiya ba ni da baki sai kunne, amma kunnen nawa Allah ya sa masa albarka.

Yashin da Nafi'u ke nema ba na gini ba ne. Hajiya na da wani yashi da take suyar gyaɗa a cikinsa, ya yi baƙi ƙirin don shan wuta. In ta gama suya sai ta tankaɗe shi, ta ƙulle a tsumma, ta tura ƙarƙashin gado. Na ga ta ba da aron turmi, na ga ta ba da aron zanen fita biki, amma ban taɓa ganin ta ba da aron yashin nan ba.

"Yashin nan ya girmi ubanka," in ji ta. "Daga rafin garinmu na zo da shi ranar da aka kawo ni. Me za ka yi da shi?"

"Kek zan gasa."

"Namiji da gashi? To, duniya ta zo ƙarshe. Buɗe jakar in gani."

Ya fara fito da kaya: fulawa, sukari, bota, ƙwai a cikin ƙaiƙayi don kada su fashe. Ta bi kowanne ta taɓa. Da ya fito da wata 'yar kwalba mai baƙin gari, ta fizge ta buɗe ta shinshina.

"Wannan fa? Ƙonannen gero?"

"Kofi ne."

"Gahawa kake nufi. Na sha ta a Makka. Wata Balarabiya ta ba ni a ɗan finjali kamar tandun kwalli, na kwana ido biyu ina lissafin jikokina marasa kirki. Kai ne ka fito na farko."

"Ai dama ni ne na farko a zuciyarki. To ita za a sa a kek ɗin."

"Abin sha a cikin abin ci? Gobe kuma sai a tuƙa tuwo da shayi. Yana ɗaci?"

"Kaɗan."

"Yana zaƙi?"

"Sosai."

"Ƙarya kake. Abu ɗaya ba ya zama biyu."

"Ke fa? Ga faɗa ga kyauta."

Ta yi kamar ba ta ji ba, don idonta ya riga ya sauka kan abin da ya rage a jakar, wata langa mai shuɗin fure.

"Langar wa ka sato?"

"Ta Maman Gloria ce."

Nan muryarsa ta ɗan sauya. Maman Gloria, wato Rhoda, maƙwabciyarsa ce a gidan hayar da yake zaune, mutuniyar Kafanchan. Bara da taifot ya kwantar da shi, ba uwa kusa ba dangi, ita ta yi jinyarsa. Tun daga nan duk Lahadi langar nan sai ta zo ɗakinsa cike da abinci. Duk shekara kuma in sun yi godiyar girbi a cocinsu, takan gasa kek mai kofi ta raba wa duk gidan, Musulmi da Kirista, har ta koya masa yadda ake yi. Bana mijinta ya yi ritaya, an riga an ɗaure na'urarta ta gasa kek a kwali, gobe da asuba motar kaya za ta kwashe su zuwa gida. Nafi'u so yake bana shi ya gasa, ya kai mata a cikin langarta kafin magariba.

Hajiya ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "In ta aiko da abinci, kai me kake zubawa in za ka mayar?"

"Wankewa nake tas in kai."

"Fanko?"

"Da godiya a ciki."

"Innalillahi. Godiya tana da nauyi ne a langa? A gidan nan ko gishiri aka aiko mana, kwanon ba ya komawa yana ƙara. Matar nan za ta je Kafanchan ta ce mutanen Gwiwa ciki gare su ba hannu."

"Shi ya sa na zo."

"Ka zo fafe gora ranar tafiya."

"Ki ba ni yashin dai, goran zai fafu."

"Da sharaɗi. Komai a gabana za a yi. In na tambaya a ba ni amsa."

"Da nawa sharaɗin. In an rufe tukunya, ba mai buɗewa sai na ce."

"Tukunyata?"

"Kek ɗina."

Aka yi yarjejeniya. Ni aka aika na ɗauko ƙullin yashin, na riƙo shi da hannu biyu kamar jariri. Nafi'u ya zauna yana buga bota da sukari a roba da muciya, Hajiya ta jawo kujerarta har gwiwarta na taɓa robar.

"Ƙwai nawa za ka fasa?"

"Duka."

"In ya lalace fa?"

"Babu wasu. Ba fulawa, ba bota. Harbi ɗaya gare ni."

"Maharbin da ko ƙadangare bai taɓa kashewa ba. Wannan farar hodar fa?"

"Ita ke sa shi ya tashi."

"Ba tsami, ba kwana? Ƙullin waina sai ya kwana kafin ya tashi."

"Wannan ɗan boko ne, ba ya kwana a aji."

Ya jiƙa kofin da ruwan zafi ya zuba, ƙullin ya koma ruwan ƙasa, ƙamshi ya tashi har ni na ɗago kai. Hajiya ta miƙa yatsa, ya janye robar.

"Ɗanye ne."

"Na ci ɗanyen rogo ban mutu ba."

Ya juye yashin a tukunyar ƙarfe ya ɗora a wuta har ya yi zafi. Ya shafa mai a kwanon gashi ya zuba ƙullin, ya ɗora kwanon a kan yashin. Ɗan abin da ya rage ya kalace a gwangwanin madara, ya dasa shi a gefe cikin yashin.

"Ƙaramin na wa?"

"Na wanda ya fi kowa haƙuri a gidan nan. Wanda bai taɓa murfi ba."

"To ka rubuta sunana."

Ya rufe tukunyar, ya ɗebo garwashi ya zuba a kan murfin.

"Wuta a sama, wuta a ƙasa," in ji Hajiya. "Wane zunubi ya yi haka?"

Ana cikin haka aka kira azahar. Nafi'u ya yi alwala, ya tsaya a bakin zaure ya nuna ta da yatsa.

"Hajiya, murfi."

"Tafi ka roƙi Allah ya ba ka hankali."

Allah ya gani, ta yi ƙoƙari. Ta ɗauki carbi ta ja, ta ajiye. Ta kori kaza da ba ta yi mata komai ba. Ƙamshin kuwa sai ƙaruwa yake, ya cika gidan. Can ta dube ni ta ce, "Sadiqa, a ina kika taɓa ganin an bar yashi a wuta ba a juya shi? Ƙonewa zai yi." Na sunkuyar da kai na ci gaba da tsinkar gyaɗa. Surukuta ta hana ni cewa a'a, tausayin Nafi'u ya hana ni cewa i.

Ta sa tsumma ta ɗaga murfin. Kek ɗin ya taso ya yi tozo, gwanin sha'awa. Ta ce, "Ikon Allah, ba tsami." Ta tsaya tana kallo, iska na shiga. Sannan hannunta ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru: ta kama kunnuwan tukunyar ta girgiza, yadda ake wa gyaɗa. Bai ishe ta ba, ta danna tsakiyar da yatsa don ta ji ko ya nuna. A gaban idonmu tozon ya sauka a hankali ya zama kwari. Ta mayar da murfin da sauri, ta koma kujera ta ɗauki carbi.

Da Nafi'u ya dawo ya jira lokacinsa ya buɗe. Ya daɗe yana kallon cikin tukunyar.

"Hajiya."

"Ina lazimi."

"Wa ya haƙa rijiya a kek ɗina?"

"Haka kek ɗin Gwiwa yake fitowa. Ƙasarmu ce mai kwari."

"Har da shatin yatsa?"

"Aljanu suna son ƙamshi."

"Aljanin nan yana ƙunshi. Ga jan lalle nan a jiki."

"Laifi tudu ne. Kai da ka tafi ka bar tukunya da tsohuwa, me ka zata?"

Nafi'u ya zaro gwangwanin daga yashin ya ajiye gefe. Ya fito da kek ɗin ya juye a langar, ya zauna a kan turmi ya zuba masa ido. Gefen ya gasu sumul, tsakiyar kuwa ta lotsa. Ya ce a hankali, ba da wasa ba, "Matar nan cokali-cokali ta dinga ba ni kunu lokacin da ko kaina ba na iya ɗagawa. Abu ɗaya na so in kai mata mai kyau."

Na ji tausayinsu su biyun. Hajiya ta dubi langar, ta dubi gyaɗar da ke shanye, sai ta miƙe.

"Tashi daga turmina, maigidan banza. Sadiqa, ɓaro min sabuwar gyaɗa, manyan."

"Me za ki ƙara ɓatawa?" in ji Nafi'u.

"Rijiya aka ce na haƙa, ni zan cike ta. Ka zauna ka ga yadda ake girgiza tukunya a inda ya dace."

Ta soya gyaɗar a yashin nan mai zafi, ta murje ɓawon, ta ɗan farfasa a turmi. Ta narka ragowar sukarin har ya yi ja, ta juye gyaɗar a ciki. Sannan ta miƙa hannu.

"Ba ni gahawar."

"Ke da kika ce ba a haɗa abin sha da abin ci?"

"Tambaya na yi, ban yi fatawa ba."

Ta barbaɗa kaɗan, ta cika kwarin da haɗin har ya yi tozo yana ƙyalli. Nafi'u ya zagaya langar ya duba ta kowane gefe. Fuskarsa ta saki.

"Wallahi ya fi nata kyau."

"Kada ka faɗa mata haka, baƙuwa ce."

Ta tankaɗe yashinta kamar kullum. Amma maimakon ta ƙulle duka, sai ta raba biyu, ta yagi tsumma ta ƙulle rabi, ta ɗora a kan murfin langar.

"Ka ce mata kakar yaron da ta yi jinya ta gode. In ta je Kafanchan wuta ta ɗauke, ga abin gashi. Ka ce kada ta ba kowa aro."

Nafi'u ya dubi ƙullin, ya san abin da aka ba shi. Sai ya ɗauko gwangwanin madarar nan da aka ajiye gefe. Shi ya riga ya gasu tun kafin a taɓa murfi, ya fito da tozonsa lafiya.

"Wannan na mai haƙuri ne, wato na Anti Sadiqa."

"Sadiqa ba ta cin zaƙi," in ji Hajiya, ta riga ta karɓe.

Ta gutsura ta sa a baki. Hajiya ta daɗe da rabuwa da haƙoranta, goro ma sai an goga mata a magogi, kuma kullum cikin ƙorafi take wai an kashe masa daɗi. Ta mamula a hankali, ido a rufe. Muka zuba mata ido.

"Da ɗaci," ta ce. Ta sake gutsura. "Da zaƙi." Sai ta fashe da dariya har dasashinta ya bayyana. "Ashe goron marasa haƙori aka ƙirƙiro kuka ɓoye min. Na yarda, ka yi nasara. Ɗauki langar ka tafi kafin rana ta faɗi, ka bi ramukan hanya a hankali."

Ya ɗaure langar a bayan babur, ya sa ƙullin yashin a aljihun gaba. Har ya tayar, ta ɗaga masa gwangwanin da ta riga ta sharce tas.

"Wannan kuma naka ne, amma yana nan a wurina. Ka san dokar gidan nan, ba na mayar da kwano fanko. Ka zo da ƙwai."