Rasuwar Tukunyar da Jafaru Ya Zuba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, Malam Daudu na Karare yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar babbar tukunyar ƙarfen gidansa, bayan ta shekara goma sha ɗaya tana hawa murhu.

Marigayiyar ba ta taɓa ƙin zuwa aro ba. Da wuya a yi suna ko biki a unguwar ba ita ta dafa tuwon ba. Sai dai da lalura ta zo duniya. Jafaru mai zubin tukwane ya narka tarkacen gwangwani, ya yi gaggawar zubawa, iska ta shige ta, jikinta ya cika da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. In an ƙwanƙwasa 'yan uwanta su ce ƙal, ita sai dai ɓum. In ta hau wuta tana tsatsafar da ruwa, tana tsss. A kan haka Malam ya tsaya tsakiyar kasuwar Batsari ya kira Jafaru maha'inci, jama'a suna ji.

Ajali ya same ta ranar Litinin da hantsi, ana dawowa da ita daga Tsaskiya, tana ɗaure a bayan babur, Zuwairatu matar Malam tana jingine da ita. 'Yan bindiga suka yi harbi daga nesa. Harsashi ya shiga gindin tukunyar, bai fita ba. Zuwairatu ta ce da suka tsira ta taɓa wurin, zafi rau. Da Malam ya duba, sai ya ga ramukan nan sun rufta ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya cinye rabonsa na ƙarfin harsashin, har ya tsaya.

Allah ne Ya tsare, babu shakka. Amma da aibin nan Ya tsare. Tun ranar abinci ba ya shigar wa Malam. Ana gode wa mutum a kan aikin da ya ɓata? In kuwa ba a gode masa, wa ya zuba abin da ya tare harsashin?

Ta bar murfi ɗaya, da muciya, da duwatsun murhu uku, da Zuwairatu.

Za a kai gawar rumfar Jafaru ranar kasuwa bayan azahar, ya narka ta. Ana roƙon duk wanda ya ji zagin nan ya halarta, domin Malam zai nemi gafara a gaban jama'a. Abin da har yanzu bai sani ba shi ne amsar da zai bayar in Jafaru ya tambaye shi yadda za a zuba sabuwa, da ramuka ko babu.