Kuɗin Shiga Dole Ne

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na samar wa ƙasar nan aikin yi ba. Guda ɗaya tak, kuma ba nawa ba.

Lokacin shekarata biyu da gama karatun tattalin arziki a Samaru. Na yi bautar ƙasa, na dawo ina bautar benci. Ofishina gaban mai jarida ne, inda muke karatu kyauta mu gyara Najeriya kafin azahar. Ministan Kuɗi suke kirana (kuma wallahi ina amsawa). In ka ji ina zuba bayanin yadda gwamnati za ta tara haraji ta gina masana'antu ta kwashe matasa aiki, ba za ka ce kuɗin motar zuwa unguwar PZ ke gagarata ba.

Ana haka kawuna ya haɗa ni da Alhaji Tanko, shugaban wata ƙungiyar 'yan kasuwa a Sabon Gari. Sakatare suke nema, mai albashi. An ƙara musu harajin rumfa, rabinsu na cewa a biya, rabi na cewa sai an gyara kwata tukuna.

"Yaro," in ji Alhaji, "shirya mana muhawara ranar Asabar. In ka cika mini zauren nan, ka fahimtar da mutanena, kujerar taka ce."

Na rubuta jawabi shafi goma sha biyu. Da na zo kan take, sai na ga kalmar haraji ta yi mini arha, kowace mai tumatir ta san ta. Mai digiri ai sai Hausar labaran rediyo. Na buga sanarwa da manyan baƙaƙe:

GAGARUMAR MUHAWARA RANAR ASABAR
KUƊIN SHIGA DOLE NE

Na bi bango ina liƙawa tun daga PZ har Hanwa, ina ja da baya ina kallon basirata.

Ranar na ari kwat, na makara da gangan (manya ba sa riga kowa zuwa), muka shiga ta ƙofar baya ni da Alhaji. Zaure cike da kujerun haya, mutanen ciki ba su kai cika bas ɗaya ba, kuma kowa ya haɗe rai. Na ce a raina nauyin batun ne ya kama su. Na gyara murya, na daki tebur.

"Jama'a, ko kuna so ko ba kwa so, kuɗin shiga dole ne!"

Sai Mama Rifkatu mai kayan miya ta miƙe tana gyara ɗaurin zani.

"Ɗana, ai mun biya. Hamsin-hamsin. Sau nawa za ka karɓa?"

Oga Chidi mai kayan gyaran mota ya ɗora da tasa Hausar: "Ni ya biya na mutum biyu. Ba rasit, ba lemo!"

Gumi ya karyo mini cikin kwat ɗin mutane. Alhaji ya kama hannuna muka nufi ƙofar gaba. Ga Sale Dogo, ɗan kamashon tasha, ya kafa tebur da kwano, sanarwata manne a bango saman kansa. Gabansa kuma ga 'yan kasuwar da na zo fahimtarwa, cincirindo a rana, suna cewa wannan wane irin zalunci ne, kukan haraji ma sai ka biya haraji kafin ka yi shi.

"Ranka ya daɗe," in ji Sale, ko kunya babu, "takarda na gani. An ce dole ne, na ga ba mai karɓa, na ce kada aiki ya tsaya."

Nan na shiga bayanin cewa kuɗin shiga na nufin abin da ke shiga baitulmali, har da Turanci na haɗa. Wata daga baya ta ce, "To me ya hana ka ce haraji?" Na buɗe baki, shekara huɗu ta jami'a ta ƙi fitowa. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige ko nawa ne kuɗin shigar.

Alhaji ya sa aka mayar wa kowa kuɗinsa, taro ya watse. Bayan kwana biyu kawu ya kawo mini labari: sakatare dai an fasa, amma an ɗauki Sale mai karɓar kuɗin ƙungiya. Wai Alhaji cewa ya yi, duk wanda ya raba Mama Rifkatu da naira hamsin ba a yi dambe ba, shi ne masanin tattalin arziki.

Na koma bencina, an sauke ni daga minista, sunana ya koma Dole Ne. Tun daga ranar, haraji nake ce wa haraji. Kuma duk wanda na ji yana cika baki zai samar da aikin yi, nakan tambaye shi a hankali: wa zai samu, kai ko Sale?