Ni da Mai Girma, Duk Sa Hannu Muka Iya

Jama'a, rannan tun da hantsi na rufe shagon ɗinkina, saboda makarantar su 'yata Auta ta kira iyaye. Wai Mai Girma Gwanin Yanke Ƙyalle zai buɗe ɗakin karatu, ya kuma yi mana nasiha kan taimaka wa yara a gida.

An ce ƙarfe goma. Sai da rana ta gama gasa mana ƙeya ya iso, ƙarfe biyu, da motoci tara. Kun san da me ya buɗe jawabi? Muhimmancin lokaci! Allah ya ƙara girma. Ya ce karatu kullum ake yinsa ba fashi, alhali sati biyu ke nan yaran ba su ga allo ba, suna ta koyon waƙar tarbarsa. Ya yanke ƙyallen a karkace, ni tela na gani. Ya rattaba hannu a wata takarda ko kallonta bai yi ba, aka tafa. Kafin ƙurarsa ta lafa an kwashe littattafan an loda a mota. Ashe na aro ne, washegari akwai wani ɗakin karatun da za a buɗe da su.

Na zunguri maƙwabcina mai faci na ce, "Ka ga mutumin nan? Ban da sa hannu ba abin da ya iya."

Ina cikin zuba sai malamar su Auta ta tare ni, riƙe da littafin aikin gida.

"Baban Auta, wannan sa hannunka ne?"

"Nawa ne, Malama. Ban taɓa fashi ba." Har da gyara hula.

"To, karanta abin da ke samansa."

Da jan biro aka rubuta: "A zo a gan ni. Yarinya ba ta gane lissafin rabi da kwata ba. In ba a tashi tsaye ba, za ta maimaita aji." Sau shida Malama ta rubuta haka. Sau shida na zabga sa hannuna a ƙasa, har da lanƙwasa masa wutsiya. Auta kan miƙo littafin ina kan keke, in sa hannu idona na kan allura.

Mai faci ya leƙo ya ce, "Ranka ya daɗe, ina ka ajiye naka motocin?"

Kunya kamar in nutse. Amma abin da ya fi ci mini rai Auta ce, tana tsaye kai a sunkuye, idanu sun ciko.

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Baba, kullum cewa kake in kawo ka sa, kana sauri."

Saura sati biyar jarrabawa. Muna komawa shago na shimfiɗa yadi a tebur, na ba ta almakashi. Ta ninka biyu ta yanke, ta sake ninkawa ta yanke, sai ta zaro ido.

"Baba, ashe wannan ne kwata?"

Ku ji fa! Yarinyar da ta tashi a shagon da ake ambaton rabi da kwata sau ɗari a rana. Nan muka yanke shawara: kullum da yamma keke zai huta rabin awa, mamanta ta kashe rediyo, ni da Auta mu duƙufa.

Ko za ta haye, Allah masani, amma yanzu sai na karanta nake sa hannu. In Mai Girma yana son darasin, akwai benci a shagona, kuma nawa ne, ba na aro ba. Sai dai a gaya masa ƙarfe huɗu muke farawa, ba ma jiran kowa.