Yadda Na Raɗa wa ’Yar Mutane Tanko

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na hau dutsen Modibbo ba, ko na so in manta ma mahautan Garwa ba za su bar ni ba.

Lokacin Kamaru ba ta daɗe da samun ’yanci ba, ni ma ban daɗe da zuwa daga Zariya ba, ina koyon fawa a wurin Kawu Ilu a babbar kasuwa. Fillancina bai wuce “jam” da “ooho” ba, wato lafiya da i, sai ’yan kalmomin ciniki. Amma duk wanda ya tambaye ni sai in ce ai yare ya zauna. (Kawu yana ji, sai dai ya ci gaba da wasa wuƙarsa.)

Wata Alhamis ya ce in shirya mu je ziyara kabarin wani babban malami da ke kan dutse a bayan gari. Ya ara mini babbar riga, don tawa duk ƙarnin nama take, ni kuma na ƙara da rawani saboda rana. Kafin mu kai ƙololuwa na gaji tilis.

Kabarin yana cikin wani ɗan ɗaki na dutse, ga tsamiya a ƙofa, ga buzu da carbi a inuwarta. Mai kula da wurin jikan Modibbon ne, dattijo mai sanyin murya. Da muka gama addu’a ya ja Kawu ya nuna masa kogon da kakansa yake halwa. Ni kuwa na ga inuwa, na ga buzu, na zube a kai. Carbin ma na ɗauka ina ja, don kawai hannuna ya sami abin yi.

Can sai ga wani Bafillace ya hauro da ƙwaryar nono. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a gabana. Na waiwaya in ga wa yake wa, babu kowa sai tsamiya. Ya ɗauko gaisuwa, ina cewa jam. Ya shiga dogon bayani yana murmushi, yana haɗa hannuwa a ƙirji yana jijjigawa. Na rasa ko ciwon ƙirji yake faɗi ko maraƙi ya saya, na dai ce ooho.

Sai na tsinci kalma ɗaya da na sani, “innde”, wato suna. Raina ya yi fari, na ce a zuci bawan Allah yana son sanin da wa yake magana. Na gyara zama na ce, “Tanko.”

Murmushin ya ɗauke. “Tanko?”

“Tanko,” na ce, har da gyaɗa kai.

Ya ce, “Debbo,” a hankali, kamar mai tuna wa babba abin da ya manta. Na ce ooho. Ya sake cewa debbo, na sake cewa ooho, Tanko. Daga nan ya shafa fatiha, ya ajiye ƙwaryar ya gangara yana maimaita sunan. Ni kuma ƙishirwa ta sa na shanye rabin nonon.

Da su Kawu suka dawo, dattijon ya dubi buzunsa, ya dubi ƙwaryar, ya dubi gemuna da nono ya yi wa ado. Ya tambaya da Hausa, “Ɗana, wa ya zo?”

Na ba shi labari tiryan-tiryan, har da alfaharin mun fahimci juna. Ya rufe baki da gefen rawaninsa, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Sannan ya yi wa Kawu bayani da Fillanci, ashe an riga an aiko masa cewa mutumin zai zo. Kawu ne ya fassara mini, murya ƙasa-ƙasa: matar mutumin ce ta haihu, gobe suna, kuma a zuriyarsu daga wannan buzun ake karɓo sunan jariri. Mutumin bai taɓa ganin jikan Modibbo ba, ya dai san a nan yake zama.

Na ce, “Kawu, mene ne debbo?”

Ya ce, “Mace, Tanko. Mace aka haifa.”

Gangarowar da na yi a guje, riga a hannu, ba ta yi amfani ba, mutumin ya ɓace a cikin gero. Washegari dattijon da kansa ya taka har rugar, aka raɗa wa yarinya Aisatu. Amma kafin ya isa, uban ya riga ya shaida wa dangi kaf abin da aka ce masa a kan dutse, kuma kakar yarinyar ta kafe cewa abin da ya fito daga buzun Modibbo ba ya komawa.

Bayan shekaru wata budurwa ta tsaya a teburina tana taya tsoka, ƙawarta ta kira ta daga can, “Tanko, yi sauri.” Mu biyu muka amsa.

Tun daga ranar dutsen nan, in ban ji magana ba nakan ce ban ji ba. Kuma komai gajiya, in na ga buzu a inuwa, sai na tambayi na wane ne kafin in zauna.