Mai Cin Ɓera a Taron Masara

"...lafiya lau, Mbuya. Tun daga bakin ƙofa na ji ƙaurin babbakar ɓera, na ce lallai mutanen Chipata sun iso."

"Mun iso, Mbuya. Ke fa, ta ƙofa suka bar ki kika shigo, ko daga kan mangwaron can kika diro?"

A babban taron masana adana hatsi ne a Lusaka, an fito shan shayin safe. Mai tsokanar Mwaba Kapembwa ce, malamar gona daga Kasama, 'yar ƙabilar Bemba gaba da baya. Wanda ta tare kuwa abokin aikina ne, Masauso Jere na Chipata, ɗan ƙabilar Ngoni kamar ni. Tsakaninmu da Bemba wasa ne tun kaka da kakanni, su ce mana maciya ɓera, mu ce musu maciya biri, mu kira juna Mbuya, wato abokin wasa, ba mai fushi. Jere ya sauko ke nan daga jawabinsa na farko a duniya, gumi sharkaf, baki har kunne, yana rungume da ɗan samfurin rumbun da ya ƙera, mai ƙafafu sanye da hulunan kwano don kada ɓera ya hau.

Ya ce, "Kin ji tafi? Har Farfesan Malawi sai da ya miƙe tsaye!"

"Ƙafarsa ce ta yi sanyi. Ni abin da ya ɗaure min kai, wa ya ba kura ajiyar nama? Ɗan Ngoni yana koya wa duniya korar ɓera! In kun kore su, da me za ku ci tuwon nshima?"

"Wa ya ce miki korarsu muke yi? Sauko da su muke ƙasa, inda hannu zai kai."

"Ka ji! Ashe kiwo ka zo nema wa tallafi. Ai da ka haska hoton ƙaton ɓeran nan a bango, lasifika ta ɗauki haɗiyar yawunka. Baturiyar da ke kusa da ni ta ɗauka tsawa aka yi."

"In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ku da kuka cinye birran Kasama kaf, har masu yawon buɗe ido suka koma ɗaukar hoton kawunki?"

"Bar kawuna, ya fi ka kyau. Wannan kwat fa?"

"Ta aurena ce."

"Ta san ka kana siriri. Ka yi numfashi a hankali, maɓallin nan in ya tashi sai ya kashe wani babba."

"Ke me kika tsinana tun safe, ban da cika jaka da biro na kyauta?"

"Taro kasuwa ce, Mbuya. Tun a mota na zaɓi mutanen da zan tare. Na kama mai injin busar da rogo a layin shayi, na kama matar nan ta Kenya tana gyara ɗankwali a madubi. Ni da baki na zo, kai da kwat."

Jere ya buɗe baki zai rama, sai ya daskare. Can gefen taga wata dattijuwa mai tabarau ta tsaya, mutane sun kewaye ta, direbanta na riƙe da jakarta. Dakta Nsofwa Chilekwa ce, shugabar wata ƙungiya mai kai wa manoman karkara kayan aiki. Saboda ita Jere ya yi wata guda yana jawabi a gaban madubi, ga shi ba ta shigo ba sai da ya gama. Bara ɓeraye sun cinye masarar ƙauyen mahaifiyarsa tun damina ba ta raba ba, tsofaffi suka koma dafa ɗanyen mangwaro. Idan matar nan ta ɗauki rumbunsa, ƙauyuka da yawa za su huta.

Mwaba ta ce, "Tafiya za ta yi. Je ka."

"Ƙafata ta ƙi."

"Jikan mayaƙa ke nan! Ina mashi, ina garkuwa?"

"Mbuya, bar wasa. Na haddace gaisuwa mai tsawo da Turanci, yanzu ko kalma ɗaya babu. Kuma dubi masu digirin da suka rufe ta."

"Duk abu ɗaya suke faɗa mata, shi ya sa take hamma. Faɗi sunanta in ji."

"Chilekwa."

"'Yar ina ce?"

Jere ya ce, "Taku ce."

"To me kake jira? Je ka zage ta."

"In zagi Dakta? A gaban baƙi?"

"Dakta a takarda. A gida hannu biyu take sa wa biri."

"In ta sa aka fitar da ni fa?"

"Sai in ci rabonka na rana. Mai jin kunya shi ke kwana da yunwa. Wuce!"

Ta tura shi da gwiwar hannu. Muka bi shi a baya. Ya kutsa, ya rusuna, ya tafa hannu a ladabce.

"Dakta, barka da hutawa. Na ga an kawo ayaba teburin can, na ce bari in sanar da ke kafin sauran dangi su sauko daga bishiya."

Wani mai gemu ya ajiye kofinsa a hankali. Dakta ta zame tabarau, ta karanta sunan da ke rataye a ƙirjinsa.

"Jere," ta ce. "Wa ya bar rami a buɗe?" Sai ta tuntsire da dariya har tana dafa kafaɗar direba. "Zo nan, bawana. Mene ne wannan ka rungume? Gasasshe ne a ciki?"

Ta karɓi ɗan rumbun, ta juya shi, ta ƙwanƙwasa hulunan kwanon. Ta tambaya ko maƙerin ƙauye zai iya yi, ya ce maƙerin ƙauyensu ne ma ya yi wannan. Ta yi tambaya a kan gara, ya amsa. Turancin da ya gudu ya dawo da gudu. Daga ƙarshe ta ce wa direba ya mayar da jaka, ba ta tafiya sai an ci abinci, kuma Jere a teburinta zai zauna.

Ya dawo yana taku ɗai-ɗai kamar ango.

"Kin ga jarumtar Ngoni?"

"Na gani. Ga ta can a gwiwoyinka, har yanzu suna gaisawa da juna."

Ya duba ƙasa, ya fashe da dariya. "Na sallama, Mbuya. Yau kin yi min rana."

Ya laluba jakarsa, ya ciro ƙullin gyaɗar Chipata da matarsa ta soya masa ta hanya, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta kwance, ta shinshina, ta harare shi.

"Wa ya fara taɓawa, kai ko ɓerayen?"

"Ci kawai," in ji shi. "Wanda ya taɓa ɗin ma na cinye shi."