Cindo da Mabuɗin Gida

Cindo ɗan garuwa ne. Daga ƙauye ya zo birni da matarsa Tabawa da 'ya'yansu da tsohuwarsa Iya Dudu, duk suka cusu a ɗaki ɗaya na haya a bayan kasuwar hatsi. Ƙarfi gare shi, ba ya ƙarya, ba ya faɗa. Aibinsa ɗaya ne: abin da aka ce masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Ana nan sai mai gidan hayar ya ce zai rushe ya gina shaguna, kowa ya nemi wuri kafin damina. A lokacin ne hukumar birni ta gina gidaje don masu ƙaramin ƙarfi. A ba ka ɗaya, ka riƙa biya kaɗan-kaɗan kamar haya, har ya zama naka.

Wata rana Mai Unguwa Barau ya kira shi. "Cindo, ka je sakatariya neman gidan nan. Layin da ka tarar, ka bi. Abin da aka ba ka, ka karɓa, ban da musu." Layin da ya fara tararwa na mata masu goyo ne, ana rigakafi. Ya bi. Da aka zo kansa, malamar asibiti ta ce, "Malam, ina yaron?" Ya ce, "Ni kaɗai aka aiko." Ya buɗe baki ya tsaya, layi ya ƙi tafiya. Don ta rabu da shi, ta ɗiga masa. Da ya koma, Tabawa ta ce, "Ina gidan?" Ya ce, "Na sha na farko. Sun ce in dawo wata mai zuwa."

Wata rana Tabawa ta kai shi ofishin da kanta, a saman bene. Ma'aikacin, Malam Sadau, ya ce, "Gobe ka kawo abin da zai nuna mana sana'arka." Washegari aka ji ƙugi a matakala. Cindo ne da kurarsa, jarkoki cike, yana jan ta hawa-hawa, ruwa na bin sawunsa. Malam Sadau ya dafe kai. "Takarda daga ƙungiyarku nake nufi, bawan Allah!" Cindo ya ce, "Ranka ya daɗe, ba takarda nake turawa ba." Famfon ofishin kuwa ya daɗe da ƙafewa. Kafin azahar ma'aikata sun saye ruwan kaf, Malam Sadau ya rubuta cewa an ga sana'a da ido.

Wata rana aka turo wata Hajiya Saude ta duba ko da gaske suna cikin matsi. Iya Dudu ta ce, "Cindo, ka nuna mata yadda rufin nan yake mana in ana ruwa." Rani ne. Cindo ya shimfiɗa wa Hajiya tabarma a tsakiyar ɗaki, ya ce, "Zauna nan, Hajiya." Ya fita, ya hau kwano da jarka, ya juye. Hajiya ta fito a guje, gyale na ɗiga. Ya leƙo daga sama ya ce, "Wannan yayyafi ne. In kawo na Agusta?" Tabawa ta fashe da kuka, ta ce shi ke nan, gida ya tafi. Hajiya ta matse gyalenta, ta dubi yaran da ke kwana a wurin, ta tafi. Da sunaye suka fito, na Cindo na ciki.

Wata rana aka yi bikin raba gidajen. Kafin su fita, Tabawa ta kama hannunsa. "Malam, in aka ba ka mabuɗi, kada ka sake shi, ko wa ya tambaya." Aka kafa rumfa, aka yi jawabai, shugaban hukuma ya miƙa wa kowa nasa, aka ɗauki hoto. Sai wani dillali mai babbar riga, wanda ke shige da fice a harkar, ya bi layi da kwando. "Kowa ya dawo da mabuɗi. Na hoto ne. Sai an gama fenti za a kira ku." Mutane suka riƙa jefawa. Ya zo kan Cindo.

"Kawo."

"A'a."

"Kai, kowa ya bayar!"

"Ba kowa aka ce wa kada ya saki ba."

Dillali ya kama hannun, ya murɗa, ya kira yaransa biyu suka taya shi. Hannun da ke tura kura ne, ko motsi bai yi ba. Cindo ya nufi gidansa yana jan su a ƙasa, jama'a na ihu. Shugaba har ya sa ƙafa a mota, ya juyo ya ce, "Me ake yi a can?" Aka gaya masa. Ya ce, "Wane fenti? An gama fenti tuni. Wa ya ce a karɓe?" Dillali ya fara in-ina. Ashe ya riga ya yi wa waɗansu masu hali alkawarin gidajen. Nan take aka juye kwando, kowa ya ɗauki nasa, shugaba ya ce yau kowa ya tare. Mata suka rangaɗa guɗa, aka ɗaga Cindo sama, hannunsa a dunƙule.

Da yamma kaya sun shiga, Iya Dudu ta samu ɗakinta ita kaɗai, Tabawa ta sauke tuwo. Ta ce, "To, Malam, kawo mabuɗin, ka wanke hannu."

Cindo ya ce, "Ko wa ya tambaya, kika ce."

Ta yi lallashi, Iya Dudu ta yi faɗa, a banza. Ranar dai a baki Tabawa ta ba shi tuwo, a tsakar gidansu.